LVM, ZFS ko yankan gargajiya: da wanne za ka raba faifan sabarka a Legas?

Da misalin ƙarfe goma na dare ƙanin wani abokina ya kira ni daga Apapa, muryarsa har rawa take yi. Shi ke kula da kwamfutocin wani ofishin masu fito da kaya daga tashar jiragen ruwa, kuma kwana uku ke nan da Alhajin ofishin ya sa aka sayo saba ta hannu (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) daga Computer Village da ke Ikeja. "Yaya, an cuce mu," in ji shi. "Kuɗin faifan terabait 2 muka biya. Na ɗora Ubuntu, ga shi `df -h` yana nuna min gigabait 100 kacal." Na ce ya rubuta `sudo vgs` ya karanto min abin da ke ƙarƙashin VFree. Ya ɗan yi shiru, sai na ji ya fashe da dariya. Babu wanda ya cuce su. Manhajar da ke ɗora Ubuntu Server, in ka bar ta da zaɓinta, LVM take shimfiɗawa, wato tsarin da ke mayar da faifai rumbu a riƙa aunar yankuna daga ciki, kuma a babban faifai gigabait 100 kawai take ba yankin `ubuntu-lv`, ta bar sauran a ajiye cikin rumbun `ubuntu-vg` har ranar da ka buƙata.

Da hankalinsa ya kwanta sai tambayoyi suka biyo baya. Me ya hana a yanka faifan kai tsaye da `fdisk` kowa ya huta? ZFS ɗin nan da ake ta kurantawa fa, wato wani tsarin ajiye bayanai a faifai, ko ya goge komai ya koma can tun kafin a zuba bayanai? Na ce masa wannan ba zancen waya ba ne da tsakar dare. Abin da ke tafe shi ne amsar da na yi masa alkawari.

In aka ce raba saba, tsofaffin hannu kan tuna da vPars na HP-UX ko LPAR na IBM, inda ake tsaga babban inji ɗaya, kowane tsagi da nasa furosesa da RAM da tsarin aiki. A ƙananan ofisoshinmu KVM da kwantena na manhaja, masu tayar da injuna da yawa a cikin inji ɗaya, su ne suka gaji wannan aikin. Ni rabon faifai zan tattauna, domin a kansa duk waɗannan injunan na cikin inji suke zama, kuma shi ne shawarar da ta fi wuyar warwarewa bayan an yanke ta. RAM ana iya ƙarawa gobe. Faifan da aka raba ba daidai ba kuma aka cika shi da bayanan shekara biyu, gyaransa sai an kashe saba an kwana a ofis.

Ma'aunina a garin nan ba shi da yawa. Ina duba abin da zan iya gyarawa daga nesa ta SSH ina zaune a Agege, ko ina maƙale a cunkoson gadar Third Mainland da kwamfuta a cinya. Ina duba abin da zai faru in wuta ta ɗauke ana tsakar rubutu. Sannan ina duba nawa zai ci na RAM da faifai, tunda kayan nan da dala ake shigo da su, kuma kowa ya san inda naira ta tsaya tun bayan sakinta a watan Yunin 2023.

Yankan gargajiya

Wannan kamar raba fili ne da katangar bulo. Ka ɗauki `fdisk` ko `parted` ko `sgdisk`, ka ce daga nan zuwa nan `/dev/sda1` ne, daga nan zuwa can `/dev/sda2`, ka ɗora tsarin fayil irin ext4 ko XFS a kan kowanne, shi ke nan. Tsohon tsarin MBR yanki huɗu na asali yake ɗauka kuma ba ya wuce terabait 2 a faifai mai sakta ta bait 512, saboda haka a yau GPT ake amfani da shi, wanda ke ba da gurbi 128. Hattara da bambanci ɗaya: `fdisk` ba ya taɓa faifai sai ka danna `w`, kana iya fita da `q` in ka ga ka yi kuskure, amma `parted` da ka ba shi umarni ya aiwatar.

Daɗinsa sauƙi. Kowane filashin ceto zai karanta shi, kowane yaron da ya taɓa Linux zai gane shi. Matsalarsa ita ce ta katanga. Yanki ba ya girma sai in akwai fili a jikinsa ta baya. In `/dev/sda2` ya cika alhali `/dev/sda3` na manne da shi, to ko da rabin faifan a buɗe yake a can ƙarshe, ba zai amfane ka ba sai an yi ta matse-matse. Inda yake da kyau har gobe shi ne `/boot` da yankin EFI, da kuma cikin injin da ke zaune a kan wata sabar ko wanda ka haya a intanet. A can in an ƙara maka girman faifai, `growpart /dev/sda 1` da `resize2fs /dev/sda1` sun gama zance. Amma sabar ƙarfe ta ofis da za ta riƙe rumbun bayanai da takardun ma'aikata, ba na ba da shawarar a tsaya a kansa.

LVM

Heinz Mauelshagen ne ya rubuta LVM na Linux a 1998 yana aiki a Sistina Software, ya ɗauko fasalinsa daga na HP-UX, kuma Red Hat ta sayi Sistina a 2003. Tsohon abu ne da ya sha gwaji, shi ya sa Ubuntu Server da dangin Red Hat suke shimfiɗa shi tun daga farko.

Hawa uku gare shi. Faifai ko yanki ka mayar da shi PV. PV ɗaya ko fiye ka haɗa su cikin VG, wanda yake kamar rumbu. Daga rumbun kake aunar LV, wato yankin da za ka ɗora tsarin fayil a kai. Ana auno ne da mudu mai suna ekstent, wanda girmansa megabait 4 ne in ba ka canza ba, kuma ba dole mudun da ka auna yau ya kasance kusa da na jiya ba. Nan ne duk 'yancin yake. A aikace:

`pvcreate /dev/sdb`
`vgcreate ofis /dev/sdb`
`lvcreate -L 200G -n rumbu ofis`
`mkfs.ext4 /dev/ofis/rumbu`

Ranar da `rumbu` ya kusa cika, layi ɗaya ne: `lvextend -r -L +50G /dev/ofis/rumbu`. Harafin `-r` shi ke faɗaɗa tsarin fayil tare da yankin, ma'aikata na kan aikinsu ba wanda zai san an yi komai. In VG ɗin kansa ya ƙare, ka soka sabon faifai ka ce `vgextend ofis /dev/sdc`. Abin da ya fi burge ni shi ne `pvmove`. Faifai ya fara nuna alamun tsufa a `smartctl`, sai ka rubuta `pvmove /dev/sdb /dev/sdc`, bayanan su yi ƙaura saba na aiki, ka biyo da `vgreduce ofis /dev/sdb` ka zare tsohon. Ga mai sayen faifan hannu, wanda bai san awa nawa ya yi yana juyawa a Turai kafin ya iso Legas ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shi ya sa na hana yaron Apapa yin abin da yawancin mutane ke yi da zarar sun gano ɓoyayyen filin nan, wato `lvextend -r -l +100%FREE` a kan `ubuntu-lv`. Umarnin daidai yake, zai yi aiki, amma ka juye rumbu gaba ɗaya a tukunya guda. Ƙarawa a LVM sauƙi ne, ragewa ce mai wuya. Ext4 yana raguwa amma sai an sauke shi, in kuwa tushen tsarin ne sai ka tashi saba daga filashi, ma'ana sai ka je wurin da ƙafarka. XFS kuwa, wanda Red Hat ta mayar zaɓinta tun RHEL 7 a 2014, ka ɗauka kawai ba ya raguwa. Ka ba kowane yanki abin da zai ishe shi wata shida, ka bar saura a VG.

LVM na ɗaukar hoton yanki kafin ka yi wani aiki mai hatsari. `lvcreate -s -L 10G -n kafin /dev/ofis/rumbu` zai riƙe maka yadda abubuwa suke a wannan daƙiƙar, in sabuntawa ta ɓata aiki sai ka koma da `lvconvert --merge ofis/kafin`. Sai dai irin wannan hoton na asali yana rage saurin rubutu, kuma in canje-canjen suka wuce gigabait 10 ɗin da ka ware masa, hoton ya lalace, ba ya moruwa. Na awa ɗaya ne ko biyu, ba na ajiya ba.

Akwai kuma siririn rabo, wanda ake yi da `-T`. Ka gina tafki da `lvcreate -L 500G -T ofis/tafki`, sannan ka riƙa yanko yankuna da `-V`, kana iya yi wa injuna biyar alkawarin gigabait 300 kowanne alhali 500 ne a ƙasa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da 'yan canji ya san wannan lissafin: muddin masu ajiya ba su zo karɓa rana ɗaya ba, komai lafiya. Hotunan da ake ɗauka a tafkin nan suna da sauƙi kuma ba sa nauyi kamar na asali. Amma ranar da tafkin ya cika, duk injunan da ke kansa rubutunsu zai tsaya lokaci guda, kuma kowanne a cikinsa yana ganin yana da sauran fili. Ka riƙa duba Data% da Meta% a `lvs`. A `/etc/lvm/lvm.conf` akwai `thin_pool_autoextend_threshold`, wanda yake zuwa a 100, wato a kashe. Ka sauke shi zuwa 80, ka kuma tuna ba zai iya faɗaɗa tafkin ba in ba ka bar fili a VG ba.

Wani alherin da ba a cika ambata ba: duk canjin da ka yi, LVM na ajiye tsohon fasalin a `/etc/lvm/archive`. Wanda ya yi `lvremove` a kan yankin da bai yi niyya ba, in bai riga ya rubuta wani abu a wurin ba, sau da yawa `vgcfgrestore` na dawo masa da shi.

Inda LVM ya gaza shi ne bai san abin da ke cikin kayan da yake ɗauka ba. Dako kawai yake yi. In faifai ya mayar da bayanin da ya ruɓe, haka zai miƙa maka shi ba tare da ya ce uffan ba. Kuma haɗa faifai biyu a VG ɗaya ba kariya ba ce, ƙara hatsari ne: yankin da ya ratsa faifai biyu, ɗaya ya mutu, ya tafi. Kariyar sai ka kawo ta da kanka, ko da `mdadm` a ƙasa, ko da katin RAID mai haɗa faifai su riƙe kwafin juna, ko da `lvcreate --type raid1 -m 1`.

ZFS

Jeff Bonwick da Matthew Ahrens suka fara shi a Sun Microsystems a 2001, ya fito cikin OpenSolaris a 2005. Bayan Oracle ta sayi Sun a 2010, masu ci gaba da buɗaɗɗen reshen suka haɗu ƙarƙashin OpenZFS a 2013, kuma shi ne muke ɗorawa a Linux. Abin da LVM da `mdadm` da ext4 suke yi su uku, ZFS shi kaɗai yake yi.

`zpool create -o ashift=12 ajiya mirror /dev/disk/by-id/... /dev/disk/by-id/...`
`zfs set compression=lz4 ajiya`
`zfs create ajiya/takardu`
`zfs set quota=200G ajiya/takardu`

Kalmar `mirror` na nufin madubi, wato faifai biyu masu ɗauke da bayani iri ɗaya. Babu `mkfs`, babu gyaran `fstab`. Ka lura ban yanka wa `takardu` fili ba, iyaka kawai na sa masa. Duk sassan daga tafki ɗaya suke sha, iyakar kuma lamba ce da za ka ɗaga ko ka sauke a kowane lokaci. Wahalar ragewa da muka gani a LVM ba ta taso ba sam. Sunayen `by-id` kuwa da gangan na sa su, domin `sdb` na yau na iya zama `sdc` gobe in an sauya wa faifai rami.

Babban abin da ake zuwa ZFS dominsa shi ne hatimi. Kowane guntun bayani da ya rubuta sai ya lissafa masa lambar shaida ya ajiye ta a wani wuri daban. Lokacin karantawa zai gwada, in bai dace ba ya ɗauko lafiyayyen daga ɗaya faifan ya gyara ruɓaɓɓen. `zpool scrub ajiya` yana bin tafkin gaba ɗaya yana wannan binciken, kuma kunshin Debian da Ubuntu yana zuwa da jadawalin yin sa a Lahadi ta biyu ta kowane wata. `zpool status` zai nuna maka ƙididdigar kurakurai a kan kowane faifai, wani lokaci har sunan fayil ɗin da abin ya shafa. Amma a faifai ɗaya tilo, ZFS zai gaya maka an ɓata, ba zai iya gyara bayanan ba. Wanda ke da faifai ɗaya ya rasa rabin dalilin zuwa nan.

Hotunansa su ne suka fi na kowa. `zfs snapshot ajiya/takardu@litinin` nan take yake, ba ya cin fili sai gwargwadon abin da ya canza, kana iya tara ɗaruruwa. Sakatare ta goge fayil, ka shiga ɓoyayyiyar jakar `.zfs/snapshot` ka kwafo shi. Sannan `zfs send -i` yana tura bambancin da ke tsakanin hoto biyu kaɗai ta SSH zuwa wata sabar. Ofishin da ke Apapa mai reshe a Kano zai iya tura canjin yini kowane dare ba tare da ya ƙone data ba. LVM ba shi da abin da ya kai wannan sauƙi.

To ina kuɗin? Na farko RAM. ZFS na riƙe abin da ake yawan karantawa a ma'ajiyarsa mai suna ARC, kuma shekaru da yawa a Linux iyakarta rabin RAM ce in ba ka taɓa ba. Yana sakinta in an matsa, amma ba koyaushe da saurin da injunan KVM suke so ba. A saba mai gigabait 16 da ke ɗauke da Windows ɗaya da rumbun bayanai, za ka ji a jikinka. Maganin shi ne ka sa `zfs_arc_max` a `/etc/modprobe.d/zfs.conf`. Proxmox ma, tsarin da ake gudanar da injunan KVM a kai, tun fitowa ta 8.1 ta rage shi zuwa kashi 10 cikin ɗari na RAM a sabon ɗori. Zancen da ake yaɗawa cewa kowane terabait sai da gigabait ɗaya na RAM ya fi shafar masu kunna dedup, wato tace bayanan da suka maimaitu, kai kuwa kada ka kunna shi.

Na biyu katin RAID, kuma nan ne masu sayen saba ta hannu suke tuntuɓe. ZFS na son ya ga faifan ido da ido. Sabobin da suka cika kasuwa, irin su Dell PowerEdge R720 da R730 da HP ProLiant DL380, da katinsu suke zuwa. PERC H730 na R730 yana da yanayin HBA da ke miƙa faifai kai tsaye. H710 da aka fi samu a R720 ba shi da shi sai an sauya masa manhajar ciki, aikin da ba zan sa sabon shiga ya yi a sabar mutane ba. Dabarar mayar da kowane faifai RAID0 shi kaɗai tana tashi, amma katin na nan a tsakani yana ɓoye wa ZFS abin da ya kamata ya gani. Kafin ka biya kuɗi a kan titin Otigba da ke Computer Village, ka tambayi sunan katin. In ka riga ka sayi mai H710, zaɓin ya kusa yin kansa: RAID1 a katin, LVM a sama.

Na uku lasisi. ZFS yana ƙarƙashin CDDL, saboda haka ba ya cikin kanel ɗin Linux na asali, wato zuciyar tsarin. Ubuntu na kawo shi a shirye tun 16.04, Proxmox ma haka. A Debian da dangin Red Hat kuwa yawanci ta DKMS ake gina shi, duk sabon kanel sai an sake gini, ranar da ginin ya ƙi kuma aka sake tayar da saba, tafkin ba zai hau ba. Haka nan ba kowane filashin ceto ne ke karanta shi ba. In tushen tsarin kansa a kan ZFS yake kuma kana Agege saba na Lekki, ka san abin da kake ciki.

Sai taurin kai. `ashift` ba ya canzuwa bayan an gina. Rukunin RAIDZ, wato RAID irin na ZFS, da ka sa a tafki ba ya fita. Kuskuren rubuta `zpool add` a inda ake nufin `zpool attach` ya sa mutane da yawa kuka, domin na farkon sabon rukuni yake ƙarawa maimakon ya yi wa faifan tagwai. Ƙara faifai ɗaya a RAIDZ ma sai a OpenZFS 2.3, farkon 2025, ya samu. Kuma tafkin da ya haura kashi 80 yakan fara jan ƙafa. Ga ƙaramar saba, madubi biyu-biyu ya fi RAIDZ sauƙin zama da shi.

Btrfs fa? Chris Mason ya fara shi a Oracle a 2007, ya shiga kanel a 2009. Yana da hatimi da hotuna kamar ZFS, yana cikin kanel, har raguwa yana yi saba na aiki. SUSE ta dogara da shi, Fedora ta mayar da shi zaɓinta na kwamfutar tebur a 2020, Red Hat kuwa ta cire shi daga RHEL 8. RAID5 da RAID6 ɗinsa masu shi da kansu suna gargaɗi a kansu, kuma faifan injunan KVM da rumbun bayanai ba sa jin daɗinsa sai an yi gyare-gyare. A openSUSE zan karɓe shi hannu biyu. A sauran wurare ba shi nake fara kawowa ba.

Wuta

Ko a layin Band A, wanda hukumar kula da wutar lantarki NERC ta ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, alkawarin awa 20 ne a yini. Saura janareto da inbata ne, kuma tsakanin ɗaukewa da tashin janareto akwai 'yan daƙiƙun da suke kashe saba. Wanda ya kai injinsa cibiyar ajiye sabobi irin Rack Centre a Ikeja ko MDXi a Lekki ya sayi kwanciyar hankali ta wannan fuskar. Mu da sabarmu ke ƙarƙashin teburin akanta, dole mu yi tunani.

Ext4 da XFS suna da littafin da suke rubuta niyyarsu kafin su aikata, in wuta ta dawo su karanta su daidaita kansu, yawanci cikin daƙiƙu. Abin da littafin ya fi karewa shi ne fasalin tsarin, fayil ɗin da ake cikin rubutawa yana iya fitowa rabi. ZFS ba ya rubutu a kan tsohon bayani. Sabon wuri yake rubutawa, sai ya gama ya juya alama, saboda haka ko dai tsohon ka samu ko sabon, babu buƙatar gyara da `fsck`. Kana iya rasa rubutun 'yan daƙiƙun ƙarshe da ba a tilasta ajiye su ba, amma tafkin zai tashi daidai. A nan ZFS ya yi gaba. Siririn rabon LVM shi ne na fi jin tsoro a wannan yanayin, domin yana da nasa kundin da in ya taɓu sai an nemo `thin_check` da `lvconvert --repair`.

Duk wannan ya dogara ne a kan faifan ya faɗi gaskiya in ya ce ya ajiye. SSD mai araha na kwamfutar gida ba shi da kafasitan da ke ƙarasa rubutu in wuta ta yanke. Batirin katin RAID a sabar da ta shekara goma ma abin dubawa ne, in ya mutu kada ka tilasta wa katin ya ci gaba da riƙe rubutu a ƙwaƙwalwarsa. Kuma UPS ɗin da ba a haɗa shi da saba ta USB ba ƙara kawai yake yi har batirinsa ya ƙare. Ka ɗora NUT ko `apcupsd` domin saba ta kashe kanta cikin mutunci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To wanne?

In faifai ɗaya gare ka, ko RAM ɗinka bai wuce gigabait 16 ba, ko katinka ba ya sakin faifai, ko kuma wanda zai gaje ka a ofishin bai taɓa jin `zpool` ba, ka zauna a LVM da ext4, yankuna masu kauri, ka bar fili a VG. Wannan na ƙarshen ina ba shi nauyi fiye da yadda ake zato. Yaran da ke wannan aikin a Legas ba sa daɗewa a wuri ɗaya, kuma mai gyaran da za a kira daga Ikeja ranar da ba ka nan ya fi yiwuwa ya san `lvs`.

In kana da faifai biyu iri ɗaya ko fiye, da HBA, da RAM gigabait 32 zuwa sama, kuma abin da ke ciki takardu ne da ba a sake samunsu, irin takardun kwastan da rasit na shekaru, ZFS ya cancanci wahalarsa, musamman a Ubuntu ko Proxmox. Hanyar da na fi bi ita ce haɗa su: tsarin aiki a ƙaramin faifai da LVM, wanda kowane filashi zai ceto, bayanai kuma a madubin ZFS daban. Ga injunan KVM, LV kai tsaye ko zvol, wato yankin ZFS, da aka yi da `zfs create -V 100G ajiya/win` duk suna aiki da kyau, cikin injin kuma yankan gargajiya ya isa, ba sai ka sake shimfiɗa LVM a kan LVM ba. Kada dai hoto ko madubi su ruɗe ka. In ruwan saman Yuli ya shiga ofis ko ɓarawo ya ɗauke saba, da faifan da hotunan tare za su tafi, sai kwafin da ke wani gini ne zai rage.

Sabar Apapa faifai ɗaya ce da gigabait 16, don haka ba mu goge komai ba. Ranar Asabar na je, muka bar `ubuntu-lv` a gigabait 100 ɗinsa, muka yanko 300 wa rumbun bayanai da 400 wa takardu, sauran muka bar shi a VG. Yaron ya shiga wurin Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, faifai na biyu muke so, da wayar da za ta haɗa UPS da saba." Alhaji ya tambayi kuɗin, ya yi tsaki, ya ce a bari sai kwantenar da ke tasha ta fito. Na rubuta wa yaron umarni biyun da zai buƙata ranar da faifan ya iso, `vgextend` da `lvconvert --type raid1 -m 1`, ya manna takardar a jikin sabar da salatif.